Nas mai rubuta magani: Ku san tsawon hanyar kafin ku sayar da fili

Wannan makon zan ɗan ajiye maganar cututtuka in taɓo maganar karatu, domin wata tambaya ta yi ta maimaituwa a saƙonninku da kuma a kantin maganin da nake aiki a nan Agege. Iyayen da 'ya'yansu suka gama makarantar koyon jinya, da mazan da matansu nas-nas ne, sun ji cewa a Amurka akwai karatun da nas za ta yi ta koma tana duba marasa lafiya, tana rubuta magani kamar likita. Labarin gaskiya ne, amma hanyar ta fi yadda masu talla a intanet suke nunawa tsawo da tsada.

Wannan aiki ya samo asali ne a 1965 a Jami'ar Kolorado, inda wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara mai suna Henry Silver suka fara horar da nas-nas su riƙa duba yara a wuraren da likita yake wuyar samu. Daga baya aikin ya rarrabu fanni-fanni. Wanda ake yawan tambayata a kai shi ne na nas mai duba iyali, wanda suke taƙaita sunansa da haruffa uku, FNP. Irin wannan nas tana duba kowa a gida, tun daga jariri har kaka. Tana jin ƙorafi, ta sa a yi gwaji, ta gano cuta, ta rubuta magani, abin da ya fi ƙarfinta kuma ta tura wa likita. A fiye da rabin jihohin Amurka tana iya yin haka ita kaɗai, a sauran kuwa doka ta ce sai da yarjejeniya ko sa idon likita.

Ga yadda matakan suke. Da farko sai an yi digirin farko na jinya. A nan gida shekara biyar ne a jami'a, wadda kuma ta yi makarantar jinya ta shekara uku yawanci sai ta ƙara da digirin kafin jami'ar can ta ɗauke ta. Na biyu, sai an tantance takardunta, ta ci jarrabawar NCLEX, ta samu lasisin aikin jinya na wata jiha a can. Na uku shi ne digiri na biyu, wanda kan ɗauki shekara biyu zuwa uku, ko digirin dakta na aikin jinya mai shekara uku zuwa huɗu. A cikinsa dole ɗaliba ta yi aƙalla awa 500 tana duba marasa lafiya a gaban ƙwararre, makarantu da yawa ma sun ɗaga adadin zuwa 750. Bayan nan akwai jarrabawar ƙasa ta ƙwarewa, sannan lasisi na biyu daga jiha. Ku lissafa da kanku, za ku ga mai farawa daga sakandare tana fuskantar kusan shekara goma.

Ina da 'yar ƙanwar mahaifiyata da take tsakiyar wannan karatu yanzu a wata jiha ta gabashin Amurka. Aikin awa goma sha biyu take yi a asibiti kwana uku a mako, ga yara biyu, ga karatu da dare. Lokacin da take rufe littafi, mu nan ana shirin kiran assalatu, don haka sau da yawa saƙonta nake fara gani bayan na idar da salla: "Yaya, don Allah ki sake yi min bayanin wannan maganin." Darussa uku ne ginshiƙin karatun nasu: yadda cuta ke ɓata aikin jiki, yadda ake duba jikin majinyaci, da ilimin magunguna mai zurfi. Na ukun nan ne ya fi ba ta wuya, duk da ta shekara bakwai tana raba magani a ɗakin kwanciya. Ta taɓa ce min, "Yaya, da hannuna kawai yake ba da maganin, yanzu sa hannuna ne zai kasance a ƙasan takardar."

Ni da nake karanta takardun magani kullum, na san nauyin wannan sa hannu. Ku ɗauki gida guda da ya zo asibiti da safe. Yaron goye yana zazzaɓi, farasitamol ɗinsa da nauyin jikinsa ake auna shi, asfirin kuwa ba a ba yaro mai zazzaɓi domin yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Uwarsa tana da hawan jini, tana shan lisinofiril, ga shi kuma ta ce al'adarta ta yi jinkiri. In ciki ne, dole a dakatar da shi a koma irin su metildofa ko nifedifin, domin yana illa ga ƙodar ɗan tayi. Kakansa mai ciwon suga yana shan metfomin, yana neman maganin ciwon gwiwa. In aka rubuta masa dikilofenak ba a duba lafiyar ƙodarsa ba, an haɗa masa masifa biyu. Mutum uku, gida ɗaya, cikin rabin awa. Shekarun karatun nan duk domin wannan rabin awar ake yin su.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan wani Alhaji ya miƙo min waya ya ce, "Hajiya, duba min wannan, sun ce daga nan Legas za ta yi komai ta kwamfuta." Lacca kam ana yin ta ta intanet, 'yar uwata ma haka take yi. Amma awannin duba marasa lafiya sai mutum da ƙafarsa, a asibitin da makarantar ta amince da shi, da lasisin jihar a hannu. Wasu makarantun ma ɗaliba suke bar wa aikin neman ƙwararren da zai sa mata ido, ta yi ta bin asibitoci wata da watanni. Sannan lasisin na jihar da ta bayar da shi ne, ba ya ba kowa izinin rubuta magani a Kano ko Ibadan.

Don haka kafin ku biya ko sisi, ku yi tambaya huɗu. Wace hukuma ce ta amince da makarantar? Wa zai samo wurin aikin koyo, ɗaliba ko makaranta? Mutum nawa cikin ɗalibansu suke cin jarrabawar ƙasa? Nawa ne kuɗin gaba ɗaya, a rubuce? Wanda ya fara kame-kame a kan ɗaya daga ciki, ku riƙe kuɗinku.

Ga 'yan mata masu wannan buri, ban zo in kashe muku gwiwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki gama digirinki, ki yi rajista da Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ki yi aiki a ɗakin yara da na haihuwa da na manya, ki saba da tambayar dalilin kowane maganin da aka ce ki bayar. In Allah ya nufe ki da tafiya, da wannan guzurin za ki shiga aji. In kuma nan aka rubuta miki zama, asibitocin sha-ka-tafi na unguwanninmu, inda nas ce mutum na farko da uwa ke gani da tsakar dare, suna matuƙar buƙatar irinki.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da turo tambayoyi.