Hunturu Ko Hamatan?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in kawo wata magana da ta tsaya mini a rai.

Ran nan da sassafe muna jin wuta a ƙofar gida, nan Dawanau, sai na ce wa jikana ya ƙara riga, hunturu ya kama. Yaro ya yi dariya, ya ce, "Kaka, hamatan a ke cewa yanzu, haka aka koya mana da Turanci." To, jika abokin wasa ne, ban yi fushi ba, amma na kwana da abin.

Wannan kalma fa ba ta Turawa ba ce tun asali. A bakin teku suka tsince ta, wajen Fante da Asante na ƙasar da a ke kira Gana yanzu, masu cewa haramata, ta shiga littattafansu tun ƙarni na 17. Suna ɗaya ya ishi baƙo. Mu kuwa muna bakin hanyar iskar nan. Daga arewa maso gabas ta ke busowa, tun Nuwamba har wajen Fabrairu, tana ɗauko ƙura mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin da.

Don haka kakanninmu suka rarrabe ta. Hunturu shi ne iskar da lokacinta. Hazo shi ne farar ƙurar da kan rufe gari, har jirgin sama ya kāsa sauka a Kano. Ɗari kuwa busasshen sanyin nan ne mai tsaga leɓe da diddige, dabam ya ke da sanyin damina mai laima. In abin ya tsananta, tsofaffi su ce jaura. Manomi ya san amfanin bambancin: ran da iska ta motsa mata kan fita shiƙar gero da dawa, ran da hazo ya kwanta tsit kuwa sai a dakata. Mai hamatan kaɗai a baki, ƙaƙa zai faɗi wannan?

Ba na ƙin yara su koyi Turanci. Roƙona ga malamai, in sun rubuta waccan a allo, su jera namu huɗun nan kusa da ita. Jikan nawa dai sai da ya haddace su na sallame shi, rigar kuwa da kansa ya koma ɗaki ya ƙaro.

Wassalam.

Wani tsohon malami, Dawanau.