Jirgin Ruwa Mai Feda: Ko Zai Yi Su A Gulbinmu?

'Yan'uwa mata, ran nan wata 'yar makaranta ta nuna mini hoton wani jirgi irin na Turai. Watau kwale-kwale biyu ne sirara aka haɗa, aka ɗora kujera a bisa. Ba a tuƙa shi da hannu, sai a riƙa taka feda kamar keke, wasu fukafukai suna juyawa cikin ruwa. Ta ce wai 'yan adashin uwarta suna shawara su saya, su riƙa ba masunta haya. To, kafin ku kwance bakin zane, ku zo mu bi hanya mu duba ruwan tukuna.

Mu fara daga Tsafe. Nan ba ma daɗewa, gama ƙasar duwatsu ce, rafukanta kan janye da rani.

A Gusau maganar ta ke. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta gefen gari, an kuwa datse shi domin ruwan famfo. Bayan madatsar ruwan a kwance ya ke, nan kam jirgin zai yi tafiya. Ba ya kifewa da sauƙi, tun da gindinsa biyu, hannuwan mutum kuma a sake su ke, ya jefa ƙugiya yadda ya so. Amma fa nauyi gare shi, ga faɗi, juyawa sai a hankali. Fukafukan nan kuma facal-facal su ke yi, karfasa kuwa ba ta son hayaniya. In taru ya naɗe a cikinsu, an yi hasara biyu. Da damina ma ba a magana: ruwan da ya fasa madatsar nan cikin 2006 ba ƙafar mutum ce za ta yi gardama da shi ba.

Sa'an nan mu bi gulbin mu gangara Bungudu. Da rani yashi ne fari fat, sai gurabe nan da can. Masunci ya kwanta bisa gora da homarsa, in ya gama da wannan gurbi ya saɓa goransa ya nufi na gaba. Mai feda fa? Sai an nemo ƙarti huɗu su kinkima. Gora shuka shi a ke yi, sarƙar jirgi kuwa in ta yi tsatsa ta tsinke, sai kuɗi.

Na ce wa yarinyar, in iyayen sun nace, su gwada guda ɗaya tak a madatsar Gusau da kaka, da iznin Sarkin Ruwa, su ƙidaya kifin mako guda kafin su ƙara ko kwabo.