Ranar Da Aka Ja Wa Idona Labule

Yau ba sharhin fim na zo da shi ba, labarin idon da muke kallon fim ɗin da shi na kawo maku, don an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni mutumin Kusa ne, nan ƙasar Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar. Na tashi cikin harkar kaset tun lokacin da Sangaya da Wasila ke tashe. Mukan saro kaya a Ƙofar Wambai ta Kano, mu biyo ta Katsina, mu tsallaka ta Magama da Ɗan Isa mu kai Maraɗi. Da kaset ya mutu muka koma sidi, da sidi ya bi shi sai na buɗe shagon tura fina-finai a waya.

Tun ina firamare ba na ganin nesa. Gilashina kauri gare shi na tsiya, har abokai na tsokanata wai ɗan Kusa sai ganin kusa. A 2012 na raka mahaifinmu asibiti birnin Alƙahira, can aka yi mani aikin leza. Cikin 'yan mintoci aka gama, washegari na hango rubutun allo a tsallaken titi da ƙwayar idona. Wallahi har ƙwalla na yi. Na jefa gilashin a akwati, na ɗauka ni da asibitin ido mun yi hannun riga.

Shekara goma ina cin duniyata da tsinke. Sai cikin hunturun 2023, watan Janairu, ina shago ina tura wa wani yaro Labarina, na ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo na yawo gabana kamar ƙudaje. Na kai hannu na kora, ba su koru ba. Da dare kuma walƙiya ta riƙa gilmawa a gefen idona na dama, alhali babu hadari. Washegari fuskokin mutane suka yi dishi-dishi, na ce ai hazo ne, kowa ya san yadda ƙurar hunturu ke rufe Jibiya. Na shiga kyamis na sayi maganin ɗigawa. Wani ya ce in sa kwalli, wata tsohuwa ta ce nonon mai jego. Kwana huɗu ina wannan kame-kame.

Ran na biyar Yayana ya zo ya same ni ina lalube kan kwamfuta. Ya ce, "Kai, rufe na hagun ka dube ni." Na rufe. Jama'a, rabin fuskarsa kawai na gani, sauran baƙi ƙirin, kamar an jawo labule daga gefe. Na ce, "Yaya, ba na ganin ka duka." Bai ce uffan ba, ya ɗauko makullin mota. A Katsina likita ya duba, nan take ya rubuta mana takarda zuwa Kano, ya ce kada mu kwana.

Likitan Kano da ya ji sana'ata sai ya yi mani bayani da yarenmu. Ya ce ido kamar sinima ne, akwai gilashin gaba da haske ke bi, akwai farin allo a baya inda hoto ke sauka, shi ne suke kira ratina. Leza gilashin gaba ta gyara mani, ba ta taɓa allon ba. Shi kuwa mai tsananin rashin ganin nesa ƙwayar idonsa doguwa ce, allon nan a miƙe yake ya yi siriri, yana iya yagewa ko da an yi leza ko ba a yi ba. In ya yage ruwa ya shiga bayansa, sai ya ɓanɓaro daga bango. Ƙudajen nan da walƙiyar su ne gargaɗi. Ya ce, "Malam, da ranar ka zo, da wataƙila ɗinkin leza kaɗai za mu yi maka ka koma gida." Kai, da-na-sani ƙeya ce.

Aka yi mani tiyata, aka sa kumfar iska a cikin idon don ta danne allon ya manne. Sai da na yi mako guda fuskata na kallon ƙasa, dare da rana. Ni da ba na yini ban kalli fim ba, sai na koma sauraro. Ɗiyata ta kunna mani a waya, in ta ji na yi shiru ta ce, "Baba, yanzu ta juya masa baya tana kuka." A nan na gane ashe ko ban gani ba ina bambance muryar Ali Nuhu da ta Adam A. Zango tun daga sallama, na kuma gane wane darakta ne ke kula da sauti, wane ne ke barin ihun kaji ya danne magana.

Alhamdulillahi gani ya dawo, amma ba duka ba. Da na dama, miƙaƙƙen layi a karkace nake ganin sa, rubutun ƙasan fim kuwa sai da na hagu. Shi ma na hagun an samu wurare masu rauni, aka ɗinke su da leza tun kafin su yage. Na koma sa gilashi, na ƙara girman rubutun kwamfutata, ba na tuƙin dare, kuma duk ranar da likita ya sa mani ba na tsallakewa.

Ba kowane dishi-dishi ba ne wannan. Akwai na bushewar ido, akwai na yana, akwai na ciwon suga, akwai na shekaru in an haura 40. Amma wanda ya zo farat ɗaya, da ƙudaje ko walƙiya ko labule, ba a kwana da shi, kuma babu maganin ɗigawa da ke manne allon da ya ɓanɓaro. Ku je wurin likitan ido a ranar, ku faɗa masa in an taɓa yi maku leza, da irin gilashin da kuke sawa a da. Kuma lokaci-lokaci ku riƙa rufe ido ɗaya kuna duba da ɗayan, don mai lafiyar yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, kamar yadda nawa ya yi mani har kwana huɗu.

Allah Ya bar mu da ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.