Makullan Baba

Mahaifina yakan ce mai gidan haya na ƙwarai ba ya ganin makullansa, domin suna aljihun 'yan haya. A bangon ɗakinsa da ke Tsafe akwai wata ƙusa da yake rataye makullin duk ɗakin da aka tashi daga cikinsa. Shekara da shekaru babu abin da ke jikinta sai carbi. A watan Oktoba na 2023 na shiga gaishe shi da safe, na tarar da makullai goma sha biyu a rataye, adadin ɗakunan da ya gina a Sabon Gida ke nan, babu ko ɗaya da ya rage a hannun wani. Ya lura da inda idona ya tsaya, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. A lokacin ina shirin tafiya hidimar ƙasa da digiri a fannin tattalin arziki, amma sai a ranar na fara fahimtar abin da na yi shekaru ina rubutawa a jarrabawa.

Kafin in faɗi yadda makullan suka dawo, ya kamata in faɗi yadda aka yi har muka yarda cewa gini shi ne dukiya. A zamanin kakana arzikin wannan yanki daga gona yake fitowa. Layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa Gusau ne saboda auduga da gyaɗa. Daga baya garin ya samu kamfanonin gurzar auduga da matatar man gyaɗa da masaƙa. Manomin Tsafe ko na Bunguɗu sai ya kai audugarsa an auna, ya karɓi kuɗi, sannan ya sayi kwanon rufi. Gini yana bin kaka ne a baya, kamar yadda ɗan akuya ke bin uwarsa. Ni kuwa kafin in yi wayo masaƙa ta yi shiru, jirgin ƙasa ya zama labarin da manya ke ba mu.

Ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiri Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, kowa yana neman wurin zama, gonakin bakin gari suka koma filaye, filaye suka koma unguwanni. Kuɗin da ke juya garin a yanzu kason wata-wata ne daga Abuja, ya zama albashi da kwangila, daga nan ya gangara kasuwa. Wanda ya tara wani abu ba shi da masana'antar da zai zuba shi, kuma da yawa daga mutanenmu suna ƙyamar ajiyar banki saboda kuɗin ruwa. Saura shanu da ƙasa. Da satar shanu ta yi ƙamari a farkon shekarun 2010, sai ƙasa kaɗai ta rage. Dillalai suka samu karatun da suke biya wa kowa: fili ba ya ciwo, ba ya neman harawa, kuma ɓarawo ba ya kora shi daji.

A 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Gusau, mazauninta ya kasance a kan hanyar Zariya, kusa da Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bunguɗu. Kowa ya yi lissafi iri ɗaya: ɗalibai za su zo, kuma dole su kwana a wani wuri. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, ba mai gaggawa ba, amma bayan an kore wa maƙwabcinmu garke guda a dare ɗaya, sai ya yanke shawara. A 2015 ya sayar da shanunsa, ya haɗa da fadamar da ya gada, ya gina ɗakuna goma sha biyu a Sabon Gida da shaguna shida a bakin titi a Tsafe. Inna ba ta so sayar da fadamar ba. Na ji tana ce masa, "Malam, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari." Ya amsa mata cewa hadarin nan ya riga ya fara yayyafi. Kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba, domin kafin a gama shafen siminti an kama ɗakunan duka, an biya kuɗin shekara.

Ba mu kaɗai muka ci moriyar wannan lokaci ba. Akwai masu buga bulo, da masu ɗebo yashi daga gulbi, da direbobin tifa, da magina, da kafintoci, da masu walda ƙofofi. Bayan an tare kuma ga mai shayi, ga matan da ke dafa abincin sayarwa, ga 'yan kabu-kabu, ga mai wanki da guga. Da kuɗin hayar nan aka biya mini rajistar jami'a, da shi aka yi wa yayata kayan ɗaki. Wanda ya sayi fili bana, baɗi sai a taya shi da riba, shi ma ya ƙara saye. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke riƙe da farashin, ni ma da nake karanta fannin ban tambaya ba.

Tsagewar bangon ta fara ne a hankali. Annobar korona da yajin aikin malaman jami'o'i sun rufe makarantu mafi yawan shekarar 2020, wani yajin kuma ya ɗauki wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai suka riƙe makullai amma suka nemi a ɗaga musu ƙafa, Baba ya ɗaga. A Tsafe abin ya fi muni. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ita ce jijiyar garin, ta zama wurin da direba ba ya son la'asar ta same shi. A watan Satumba na 2021, domin a matse 'yan bindiga, aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka dakatar da kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka. Ko mene ne amfanin matakin ta fuskar tsaro, a shagunanmu na ga abin da ya haifar. Mai POS da mai sayar da katin waya suka rufe a mako guda, domin sana'arsu ba ta yiwuwa babu layi. Mai hatsi ya bi bayansu, tunda ƙauyawan da ke kawo masa kaya ba su da kasuwar da za su zo. Tela ne ya fi daɗewa, shi ma ya koma zauren gidansa da kekensa.

A watan Janairu na 2023 aka ɗauke Kawu, ƙanen Baba, a hanyar gona. Ba zan tsaya kan kwanakin da suka biyo baya ba. Duk gidan da aka taɓa jiran kiran waya irin wannan ya san su. Abin da ya shafi wannan rubutu shi ne cinikin. Lokacin ya zo daidai da canjin takardun naira da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022, tsabar kuɗi ta yi wuyar da ba a taɓa gani ba, waɗanda ke riƙe da Kawu kuma tsaba suke so. Na raka Baba wurin dillali. Mutumin da a da yake bin mu har gida yana roƙon a sayar masa, ranar ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Gida huɗu ke hannuna yanzu, duk dalilinsu irin naka ne, mai saye kuwa mutum ɗaya ne." Aka sayar da shaguna shida a kan abin da bai kai kuɗin ginin uku ba, dillali ya cire la'adarsa. Kawu ya dawo da rai. Baba ya ce rai ya fi dukiya, kuma har yau ban ji ya sake ambaton shagunan ba.

Sai daren Juma'a, 22 ga Satumba, 2023, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida suka kwashi ɗalibai fiye da ashirin, mafi yawansu mata, daga gidajen haya da ke wajen jami'a. Ba gidanmu aka shiga ba, amma ba a buƙatar a shiga kowane gida. Iyaye suka yi ta kira, ɗalibai suka tattara kayansu suka nemi cikin gari ko ɗakunan makaranta. Ban ga laifin kowa ba. Da ƙanwata ce da ni zan fara ɗauko ta. Cikin makonni kaɗan makullai suka cika ƙusa.

A aji an koya mana faɗuwar kasuwar gidaje ta Amurka, yadda bankuna suka yi ta ba da rancen sayen gida ga waɗanda ba za su iya biya ba, har bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumban 2008, girgizar ta kai ko'ina a duniya. An nuna mana hotunan rukunan gidajen da aka gina a Ayalan aka rasa masu shiga, muka kuma karanta yadda bashi ya durƙusar da kamfanin Evergrande na ƙasar Sin a 2021. Na ɗauka wannan cutar masu banki ce, ba za ta kama mutanen da ke gini da guminsu ba. Ashe namu ya fi zafi ta wata fuska. A can idan gida ya faɗi, banki yana ɗaukar wani kaso na asara, gwamnati kuma ta kawo ɗauki. A nan kuɗin gado ne, da na adashi, da na sallamar aiki, da na shanu, saboda haka asarar tana sauka ne kai tsaye a kan tukunyar gida. A can ana buga alƙaluman faɗuwar farashi kowane wata. A nan cinikin fili yakan ƙare da takarda guda da shaidu biyu da sa hannun mai unguwa, don haka dukiyar dubban mutane za ta iya narkewa ba tare da ta bayyana a wani littafi ba.

Abubuwa biyu suka ƙara buɗe mini ido. Na farko, a daidai lokacin da ɗakunanmu ke rufe, haya a tsakiyar Gusau sai tashi take yi, saboda mutanen da suka gudo daga ƙauyuka suna cunkushe a duk inda suka samu. Wanda bai san ƙasar ba zai ce kasuwa ce ke bunƙasa, alhali tsoro ne ya tara mutane wuri ɗaya, kuma kowane manomi da ke biyan hayar ɗaki a birni gona guda ce da ba a noma ba. Na biyu, bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira, buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024. Wato da za a sake gina ɗakunan Baba a yau, sai an kashe ninkin abin da ya kashe sau da yawa, amma babu mai taya su ko da rabin kuɗin farko. A nan na gane cewa darajar gida ba ta cikin bulo da kwano. Abin da ɗan haya ke biya shi ne barci, da kuma sana'ar da zai tashi ya tafi da safe. Dillalai sun yi gaskiya cewa ɓarawo ba ya kora gini, sai dai yana kora mutanen da ke ba ginin daraja.

Ban ɗora wa Baba laifi ba. Ya gudu daga dukiyar da ake sacewa zuwa wadda ya ga ba a sacewa, kuma duk mai hankali a matsayinsa haka zai yi. Kuskuren na gari ne baki ɗaya. Mun bar gona da masaƙa suka mutu, muka ci gaba da ɗora bulo a kan albashi da zuwan ɗalibai, kamar mai gina soro a kan rairayi. Mai buga bulon da ya yi mana aiki yanzu lodi yake yi a tashar mota a Kano. Biyu daga leburorinsa sun tafi ramukan zinariya, duk da haramcin haƙar ma'adinai da aka sa a 2019, duk da kuma sun san gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Idan ana son ɗakunan Sabon Gida su sake cika, ba daga Sabon Gida za a fara ba. Za a fara ne daga ranar da manomin 'Yandoto ko na Kwatarkwashi zai kwana a gonarsa lokacin girbi ba tare da ya biya kowa harajin bindiga ba, da ranar da audugarsa za ta samu injin da zai gurje ta a Gusau. Ya kamata kuma a fara rubuta cinikin filaye da gidaje a wuri guda, domin mai shirin sayar da fadamarsa ya ga gaskiyar kasuwa da idonsa, ba ta bakin mai jiran la'ada ba.

Da na dawo daga hidimar ƙasa na ba Baba shawarar ya sayar da ɗakunan ko nawa aka taya, mu sayi gona kusa da gari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna mini ƙusa. Makullai biyar suka rage. Sauran bakwai suna hannun iyalan da aka tasa daga ƙauyukansu, waɗanda a wurinsu Sabon Gida ma tudun mun tsira ce. Ba ya karɓar ko sisi daga gare su. Ya ce, "Kai da ka yi karatun kuɗi, ka san gidan da babu mutum gara ce ke haya a ciki. Su suna share shi, ni ina samun lada. In ka samu wanda zai taya da abin da ya fi wannan, ka zo mu yi magana."

Ban samu ba tukuna. Abin da na yi shi ne na sayi littafi, nake rubuta duk abin da aka kashe a gidan da sunan wanda ke kowane ɗaki da garin da ya baro. Makon jiya muka je tare muka duba rufi kafin damina ta faɗi. Ɗaki na tara yana yoyo, kuma akwai jariri a cikinsa. Baba ya ce in je kasuwa in tambayo kuɗin fallen kwano biyu da ƙusoshi.