Gidan da na saya domin ranar wuya

A shekarar 2019 na kwashe adashin da na jima ina zubawa, na haɗa da rance, na sayi gida mai ɗaki uku a bayan jami'a, na sa ɗan haya. Lissafina shi ne, duk ranar da albashi ya tsaya, kuɗin haya zai riƙe iyalina.

Ranar ta zo a 2022, da malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin wata takwas, aka dakatar da albashi. Sai a lokacin na ga ramin da na haƙa wa kaina: ɗan hayan nawa malami ne kamar ni. Abin da ya tsayar da albashina shi ya tsayar da nasa. Da wane ido zan kai shi kotu, mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci?

Damina kuwa ba ta shiga yajin aiki ba. A watan Agusta katangar baya ta faɗi, magini kuma ba ya karɓar haƙuri a madadin kuɗi. Na sa gidan a kasuwa, dillalai suka riƙa kawo masu taya shi da rabin kuɗinsa, domin sun san halin da malamai ke ciki. Daga ƙarshe motar matata muka sayar.