Wa Ya Narkar da Ta-Kitse?

A Attantane, cikin ƙasar Mayahi, akwai wata tsohuwa da yaran unguwa suka sani da gatana. Da kaka, idan an gama yankan gero, sukan taru a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i, ta shimfiɗa musu tabarma, su zaɓi wadda suke so. Yawanci Ta-Kitse suke zaɓa.

Labarin sananne ne a ƙasar Hausa. Wata tsohuwa tana da ƙaton sa, aka kai shi fada aka yanka, aka bar mata kayan ciki. Ta ajiye su a ɗaki, suka rikiɗa suka zama ƴanmata, wadda ta fi kyau kuwa ita ce ta kitse. Aka aurar da ita ga sarki bisa sharaɗin ba za ta kusanci wuta ba, ba za ta shiga rana ba. Da sarki ya fita yaƙi, kishiyoyi suka tilasta mata aikin murhu, ta narke. Daga baya aka tattara kitsen, aka mayar da ita mutum, aka hukunta kishiyoyi. Haka tsohuwar ta ji shi daga bakin kakarta, haka kuma ta riƙa bayar da shi shekara da shekaru.

Sai aka aurar da jikarta, wadda ta riƙe tun daga yaye, tana da shekara 14. Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, bashi ya hau uban yarinyar, mai nema kuwa yana da hali. Ba a cika shekara biyu ba naƙuda ta zo. Ta kwana biyu a ɗaki kafin a ɗora ta a amalanken shanu, kuma ba ta isa gidan likita da rai ba.

Bayan arba'in yara suka dawo, suka nemi Ta-Kitse. Tsohuwar ta buɗe da “ga ta nan, ga ta nanku” kamar kullum, amma abin da ya biyo baya ya sauya. Ta ce sarki ya ga san tsohuwa, ya yi kwaɗayinsa, ya aiko dogarai suka ƙwace. Ta ce sarki ya san yarinyar kitse ce, ya san kuma babu matar da za ta zauna gidansa ba ta tsuguna gaban murhu ba, amma ya ɗauke ta. Kishiyoyin ma, in ji ta, haka aka kawo su suna ƙanana, su dai ba su narke ba ne kawai. A ƙarshe tsohuwar cikin labarin ta zo da ƙwarya don ta kwashe kitsen, ta tarar ƙasa ta shanye shi. Ƙurunƙus.

Ɗalibin nahawu zai lura cewa ba ta ƙaro dodo ba, ba ta ƙaro jini ba. Abin da ta taɓa shi ne lamiri. Hausa tana da “an” da “aka” da “ana”, waɗanda ke ba mai magana damar ambaton aiki ba tare da ya nuna aikau ba. Da su ake sakaya zance, da su ake girmama manya, da su kuma ake sanar da abin da ba a son a tambayi wanda ya yi shi: an yi mata aure, an kai ta, an rasa ta. Tsohon zubin gatanar yana saka “aka” duk inda aikin ya fito daga fada, ya ajiye “suka” don kishiyoyi, har laifin duka ya tattaru a kan mata. Tsohuwar ta cire “aka”, ta sa “ya”. Da wannan kaɗai labarin ya yi duhu.

Ba ita ta fara juya tatsuniya ba, kuma juyin ba kullum yake tafiya wajen duhu ba. A bugun farko na littafin ƴan'uwan nan Grimm na Jamus, a 1812, sarauniyar da ta nemi kashe kyakkyawar yarinya don hassada mahaifiyarta ce. A bugun 1819 suka mayar da ita kishiyar uwa. A labarin da Perrault ya buga a Faransa a 1697, kyarkeci ya cinye yarinya mai jar hula, zance ya ƙare a nan. A littafin Grimm sai ga maharbi ya cece ta. Lokacin da Angela Carter ta Ingila ta sake rubuta irin waɗannan labarai a 1979, tana tono abin da aka binne ne. Mu ma tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 galibi malamai maza ne suka rubuta su da ajami, alhali a gida mata ne masu gatana. Zubin da muke kira na asali, wani ne ya zaɓe shi.

Uban yarinyar yana jin komai daga ɗakinsa. Wata safiya ya zo gaisuwa, ya durƙusa, ya ce, “Inna, gatanar nan tana hana yara barci. Ki mayar da ita yadda take.”

Ta ce, “Ni ma ba na barci.”

Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi.

Amma wadda ta kama ta ita ce ƙanwar marigayiyar, ƴar shekara 12 da ke zuwa lakwal. Ta ce, “Kaka, sarki ne ya ƙwace sa, mun ji. To ita Ta-Kitse, wa ya ba shi ita?” Tsohuwar ta duba, ta ga a wannan gaɓar har yanzu “aka aurar da ita” take cewa. Ta tuna ranar da aka kawo goron jikarta: ita ta karɓa, ita ta raba wa maƙwabta. Ta ce dare ya yi, kowa ya tafi ya kwanta.

Washegari da dare, da ta iso wurin, ta ɗan dakata, sannan ta ce, “Sai tsohuwa ta karɓi goro, ta yi shiru.” Ta ci gaba da labarin har ƙarshe, hannunta yana kan kafaɗar ƙanwar.