Jarkar da Na Sayar wa Ɗan Maraɗi

Shekarun baya wani yaro ɗan Maraɗi ya zo shagona a nan Tamanrasset, zai koma gida. Ya ce, "Baba, a ba ni jarka mai lita 20, amma fa kuɗina kaɗan ne." Na hau saman shago na sauko masa da wata da ta fi shekara tana shan rana. Ta koɗe, amma ba ta yoyo. Na rage masa kuɗi, har ina ganin na yi masa alheri.

Bayan wata biyu direban da ya ɗauke su ya ba ni labari. Motarsu ta lalace kafin In Guezzam, hanyar da ta kai wajen kilomita 400. Da yaron ya duba, ashe jarkar ta tsage tun da aka ɗora mata kaya, rairayi ya shanye ruwan. Kwana biyu abokan tafiya na sam masa kurɓi-kurɓi. Ya rayu, alhamdulillahi, amma ni ranar abinci bai ciyu ba.

Daga nan na fara tambayar masana. Robar jarka sunanta foliyetilin, daga iskar gas ko man fetur ake yin ta. Idan ka kifa jarkar, sau da yawa za ka ga lamba 2 cikin alama mai kusurwa uku. Ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, shi ya sa ta kori salkar kakanninmu. Amma rana ce ajalinta: haskenta yana cinye robar a hankali har ta bushe kamar ƙwarya. Kuma idan ta taɓa ɗaukar fetur, yana shiga jikinta. Ko Omo nawa ka zuba, ba ta ƙara zama ta ruwan sha.

Tun 2011 ruwa ke zuwa mana ta bututu daga In Salah, sama da kilomita 700. A gari mun samu sauƙi, amma a hamada har yau jarkarka ce rijiyarka.

Yanzu duk wadda ta koɗe ba na sayarwa, ko an roƙe ni. Ɗan'uwa matafiyi, danna gefenta da yatsa. In ka ji ƙas-ƙas, bar ta. Shinshina bakinta. Naɗe ta da buhun algarara, ya tare rana, in an jiƙa kuma ya sanyaya ruwa. Sannan ka raba ruwanka gida biyu.

Yaron nan har yau ina cigiyarsa, in nemi gafara.